Kuɗin kaza muke biya ko kuɗin kujera?

A bazarar da ta wuce na kai Goggona, ƙanwar mahaifina da ke aure a Dass, ganin likita a asibitin koyarwa na nan Bauchi. Kafin mu fito rana ta take, irin wadda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa, ga shi tun asuba ba ta sa komai a cikinta ba saboda gwajin jini. Na ce da mai keke ya sauke mu a ɗaya daga cikin gidajen abincin nan masu gilashi, waɗanda suna ɗaya da fenti ɗaya suke amfani da shi a duk garin da ka same su. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙoƙarin tuɓe takalmi. Na ce, "Goggo, a nan da takalmi ake shiga." Ta ce, "Ikon Allah," ta shiga tana taka tayil a hankali kamar mai tsoron ya fashe.

Yarinyar da ke bayan kanta ta cika wani ɗan kofi da shinkafa, ta shafe samansa, ta kife a faranti, ta ɗora cinyar kaza guda. Goggo ta dubi farantin, ta dubi yarinyar.

"'Yar nan, ba gyara?"

"Mama, ki yi haƙuri, a ƙirge yake. In na ƙara, ni zan biya."

Goggo ta ci, ta ce shinkafar ba laifi, amma kazar ba ta sha wahalar duniya ba, shi ya sa ba ta da ɗanɗano. Da ta matsa sai na faɗa mata abin da na biya, ta yi salati har na teburin kusa suka waiwayo. Na miƙe zan nemo mana keke, ta riƙo hannun rigata. "Zauna tukuna. Wurin da sanyi, kuma ai mun biya."

Ban taɓa jin wanda ya fassara kasuwancin nan a taƙaice kamar yadda Goggo ta yi ba. Yawancin masu sukar waɗannan gidaje a garin nan suna auna farantinsu da na mai tuwo, su ce tsada, su ce almubazzaranci. Lissafinsu daidai ne in abinci kaɗai ake sayarwa. Amma abincin shi ne ƙaramin abin da ke cikin kuɗin.

Sai an tuna yadda muke cin abincin waje tun asali kafin a gane haka. Bauchi ba baƙuwar abincin sayarwa ba ce. Garin da masarsa ta yi suna har ake rubuta ta a allunan shaguna a Abuja da Kano, garin da magariba na yi tukubar masu tsire ke ɗaukar wuta daga Wunti har Yelwa, ba za a koya masa sayar da abinci ba. Sai dai abincin wajenmu hanya biyu yake bi. Ko dai a aiki yaro da kwano ya sayo a ci a cikin gida, ko kuma a zauna a benci a ci a wurin, kuma bencin nan an san masu shi: gwauro, direba, lebura, ɗan kasuwar da gida ya yi wa nisa, baƙon da ya sauka a tasha. Magidanci in an cika ganinsa a bencin mai tuwo, sai a fara tambayar ko lafiya gidansa. Matar aure kuwa ba a ma kawo maganarta. Akwai manyan otal irin su Zaranda da ke da ɗakin cin abinci tun da daɗewa, amma na manyan baƙi ne da taron gwamnati, kuma kalmar otal kanta a kunnen Bahaushe tana ɗauke da wani nauyi da ba kowane uba zai so a jingina wa 'yarsa ba.

Wato tsakanin tsakar gida da bakin titi ba mu da wurin zama na uku. Wannan giɓin gidajen gilashi suka tarar, suka shige. Wuri ne mai haske da kowa ke ganin kowa, ba a sayar da giya, akwai banɗaki da wurin wanke hannu, farashi a rubuce a sama ba sai ka tambaya ka ji kunya ba. Ma'aikaciyar banki za ta iya zama ita kaɗai ta ci abincin rana ba wanda zai ce mata kanzil. Mutum zai iya ɗebo matarsa da 'ya'yansa ranar Lahadi da yamma, abin da mahaifinsa bai taɓa yi ba, ba don rowa ba sai don babu inda zai kai su.

Tsarin ba a nan aka haife shi ba. A 1948 wasu 'yan'uwa biyu a Kalifoniya ta Amurka, Richard da Maurice McDonald, suka rage yawan abincin da suke sayarwa zuwa 'yan kaɗan, suka rarraba aikin girki gunduwa-gunduwa yadda kowane ma'aikaci abu ɗaya zai riƙa maimaitawa. Ray Kroc ya ɗauki tsarin a 1955 ya baza shi. Abin dariya, McDonald's ɗin kansa har yau ba shi da reshe a Najeriya. Namu na gida daga Legas suka taso: kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's na farko a Marina a 1986, Sweet Sensation ya zo a 1994, Tantalizers a Festac a 1997, Chicken Republic a Apapa a 2004. Na ƙetare suka biyo baya, KFC a 2009, Domino's a 2012. Kuma duk wanda ya zo sai da cikin ɗan Najeriya ya lanƙwasa shi. Burodi da nama a tsakiya bai taɓa zama abinci a wurinmu ba, abin taɓawa ne. Shinkafa ce ta ci kasuwa, jalof da soyayya, har KFC da ya zo da sunan kaza sai da ya ɗora tukunyar jalof.

Jarin irin wannan gida abu ɗaya ne: abin da ka ci a Bauchi ya zama shi za ka ci a Gombe ko Fatakwal, ba ƙari ba ragi. Domin haka ake ƙwace girki daga hannun mai girki a mayar da shi takarda. Nauyin kaza a aune, yankanta a ƙirge, haɗin kayan ƙamshi yakan zo a ƙulle daga hedikwata, mintocin suya agogo ke faɗa. Ɗan kofin da yarinyar nan ta shafe samansa a gaban Goggo shi ne zuciyar kasuwancin gaba ɗaya. Da daddare za a lissafa kofi nawa tukunya ta bayar, a gwada da abin da kwamfuta ta ce an sayar. Mai kamfani yana Legas, bai san sunan yarinyar ba, bai kuma buƙatar ya yarda da ita, lissafi ke tsare masa dukiya.

Rassan kuma iri biyu ne. Wani kamfanin da kansa yake ginawa ya ɗauki ma'aikata. Wani kuwa hayar sunansa yake bayarwa: attajirin gari ya kawo fili da gini da jari, ya biya kuɗin shiga, sannan ya riƙa ba da wani kaso na ciniki, su kuma su ba shi suna da tsari da horo. Hanya ta biyu ta fi saurin yaɗuwa, da ita Mr Bigg's ya kai rassa fiye da ɗari a zamanin tashensa, kafin daga baya su ragu ƙwarai. Haɗarinta a fili yake. Wanda ya yi hayar suna ribarsa yake dubawa, in ya ga dama ya rage awon nama ko ya kashe janareta da rana, mai saye kuma bai san shi ba, sunan da ke jikin allo ya sani. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Yanzu a buɗe farashin a ga abin da ke ciki. Na farko wuta. Bauchi da Gombe duk a ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Jos suke, kuma wutar da ke iso mana doguwar hanya take biyowa. A 2024 kaɗai mun ga abin da hakan ke nufi sau biyu: a watan Afrilu da ɓarayi suka lalata turakun babban layin da ke tsakanin Jos da Gombe, da kuma Oktoba da yawancin Arewa ta kwana fiye da mako a duhu. Mai masa ba ruwanta, itacenta ko gawayinta na nan. Gidan da ke da firiza cike da kaji ba shi da zaɓi, janareta zai yi ta kuka dare da rana, in ya tsaya kaya sun lalace. Man dizal kuwa tun kafin a yi maganar cire tallafi ba shi da tallafi, tun 2022 farashinsa ya ninka ya bar mutane baki buɗe. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai kuɗin dako da na kayan gyaran injuna suka bi sahu. Sanyin da Goggo ta ƙi tashi ta bari, dizal ne ake ƙonawa a bayan gini.

Na biyu kazar kanta. Kajin gidan gona ne, waɗanda ke isa yanka cikin mako shida zuwa takwas, kuma mafi yawan kuɗin kiwonsu a abinci yake tafiya, masara da waken suya. A nan akwai abin da ke ci mini rai. Masarar nan da waken a gonakinmu na Arewa ake noma su, a loda a tirela a yi kudu da su inda manyan gonakin kaji da mayankarsu suka fi yawa, musamman wajen Ibadan, sannan sau da yawa kazar ta dawo mana a daskare cikin mota mai firiza. Mun biya kuɗin mota zuwa, mun biya na dawowa. Kamfani ba zai shiga kasuwar Muda Lawal ya tsinto kajin Hausa ba, don wata ta fi wata girma, wata tsohuwa ce sai ta sha wuta, shi kuma so yake cinyar yau ta zama daidai da ta jiya.

Sai haraji. Duba ƙasan rasit ɗinka za ka ga VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020. Mai tuwo ba ta karɓar wannan daga hannunka. A ƙara da kuɗin haya a babban titi, albashi, mai gadi, robar tekawe da leda mai tambari. Idan aka tara, za a ga shinkafar da kazar ba su ne suka fi nauyi a farantin ba.

To wa ke iya biya? Bauchi garin albashi ne. Ba sai an nuna maka kalanda ba, in ka wuce ta gaban gidajen nan ka ga motoci sun cika harabar har sun fito titi, alat ya shiga. Daga tsakiyar wata kuwa sai ka ga ma'aikata sun jingina da kanta suna hira. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin ɗari, a watan Yulin shekarar aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Mai irin wannan albashi in ya kai iyali mutum biyar sau ɗaya, ya san abin da ya taɓa. Amma mutane ba su daina zuwa ba, salon zuwan suka canza. Ɗaliban jami'ar ATBU daga Yelwa da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya daga Gwallameji za su zo su huɗu, su sayi askirim biyu, su nemi teburin da ke kusa da soket, su jona waya da kwamfuta su yi awa biyu. Uba zai saya wa yara, shi ya ce ya ƙoshi. Kamfanonin ma sun gane, shi ya sa suke ta fito da ƙananan haɗi masu sauƙin kuɗi. Akwai lokacin da Chicken Republic ke sayar da shinkafa da yankin kaza a naira 500, waɗanda suka ci wannan zamani yanzu labarinsa suke bayarwa kamar na jirgin ƙasan Bauchi.

Ranar Sallah kuwa wani abu ne daban. Yaran da a da ke kashe barka da Sallarsu a alewa da balan-balan, yanzu layi suke yi cikin sababbin shadda da leshi, kowa da 'yan canjinsa a dunƙule a hannu, a sayi abu ɗaya a ɗauki hoto goma. Wannan hoton ma yana cikin abin da ake saye, kada a raina shi.

Akwai abin da gidan gilashi ba zai taɓa ba ka ba, kuma Goggo ta sa yatsa a kai tun a kanta. Ba gyara, ba tayi, ba bashi. Mai masar unguwarmu, da muke kira Adda, ta san mahaifina, ta san ranar da matata ta haihu, in wata ya yi nisa takan ce, "Hamma, ɗauka kawai, in an yi albashi ka kawo." Cinikinta da zumunci a cakuɗe suke, ba a raba su. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da gidajen gilashi ke cika don suna karɓar kati da transfa, Adda ba ta da asusun banki, amma ba wanda ya kwana da yunwa a layinmu, a ƙwaƙwalwarta ta riƙa rubuta bashi. Yanzu ita ma ta liƙa lambar asusu a jikin bango.

Sai dai rashin sanayyar nan da muke kira aibi, ga wasu ita ce babbar ni'ima. A wurin Adda, duk wanda ka zo da shi, kafin la'asar unguwa ta ji. A gidan gilashi ba mai tambayarka ɗan gidan wane ne kai. Bazawara, ma'aikaciyar jinya da ta tashi daga aikin dare, baƙon da ba ya jin Hausa, Kirista da Musulmi abokan aiki, kowa kuɗinsa ne shaidarsa. Nan ne ma maganar samari da 'yan mata ke shigowa, wadda ta fi komai tayar da jijiyar wuya a majalisa. Zance ya tashi daga zaure da ƙofar gida ya koma teburin mutum biyu, iyaye da malamai na ƙorafi, kuma ban ce ƙorafinsu ba shi da tushe ba. Ni dai a ganina, in har za a fita, gara inda fitila ke haske kuma ƙanin babanta zai iya shigowa kowane lokaci, da lungun da ba a gani. Wanda na fi tausaya wa shi ne saurayin, don abin ya zama sabon toshi: yarinya ba ta cewa tana jin yunwa, sai ta ce ƙawarta an kai ta wuri kaza.

Tambayar wa ya yanka kazar ma takan taso, kuma tambaya ce da ta halatta ga mai saye Musulmi. Maganinta ba jita-jitar WhatsApp ba ce, kamfani ya fito ya nuna daga inda kajinsa suke da yadda ake yanka su, a manna a inda kowa zai gani. Batun lafiya kuwa kada mu yi wa kanmu ƙarya, masa ma a mai take iyo, tsire ma da gishirinsa. Abin da ya fi damuna shi ne lemon kwalba da ake haɗawa da kowane faranti, da yaron da ya taso yana ganin ba a yi masa gata ba sai an ba shi soyayye da zaƙi.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne wannan. Albashin ma'aikata a nan yake zama, kuɗin haya ma haka, amma riba da kuɗin hayar suna, Legas suke tafiya. Mu kuma muna da sunan da ya riga ya sayar da kansa, masar Bauchi, wanda kowa ke rubutawa a allo amma ba mai shi. Me ya hana a samu gidan masa ɗaya mai rassa a Gombe da Jos da Kano da Abuja, da kujeru da sanyi da banɗaki? Ba wai 'yan Arewa ba su iya ba ne, Yahuza ya yi da gasasshen nama, Shagalinku ya fito daga Zariya ya kafa a Abuja da tuwo da miya.

Cikas na farko a cikin ƙullun yake. Ana jiƙa shinkafar tuwo, a niƙa, a haɗa da dafaffiya, a sa yis a bar shi ya kwana ya tashi. Tashin da zai yi a hunturu daban da na bazara. Adda ba ta da ma'auni, da hanci take gane ya yi tsami, ta san yawan ruwan kanwar da zai daidaita shi, da kunne take jin tanda ta yi zafi. Ka ce ta rubuta maka a takarda, dariya za ta yi. Kuma masa ba ta jira, daga tanda sai baki, in ta yi rabin awa a cikin gilashi ta zama wani abu. Kaza da jalof sun yarda a aune su a ajiye, masa ba ta yarda ba tukuna.

Na biyu amana ce. Kasuwancinmu a jikin mai shi yake rataye. Adda ba za ta bar gwangwanin kuɗi a hannun kowa ba sai 'yarta, don haka rassanta ba za su wuce yawan 'ya'yanta ba. Ba rasit, ba littafi, banki kuma ba ya ba da jari a kan "kowa ya san ni". Ko ya yarda, kuɗin ruwa ya yi tsada, da yawa kuma ba sa son taɓa shi saboda addini, duk da cewa bankuna marasa ruwa irin su Jaiz sun fi shekara goma suna aiki. In mai sana'a ya rasu, sai a raba gado, wannan ya ɗauki shago, wancan ya ɗauki firiza, sunan ya bi mai shi kabari. Kamfanin Legas ya gina abin da zai rayu ko ba mai shi, da wannan ɗan kofin da muke yi wa dariya. Ko masar da aka aune da kofi za ta ci sunanta masar Bauchi, wannan kuma sai an gwada.

Bayan wata ɗaya Goggo ta dawo ganin likita. Tun a tasha ta ce mini, "In mun gama ka mai da ni gidan sanyin nan. Amma mu biya Wunti tukuna mu sayi masa, mu tafi da abarmu."

Na ce, "Goggo, ba sa bari a shiga da abincin waje."

Ta yi shiru tana gyara mayafi, sannan ta ce, "To su soya mana."